Shirun Caube-ji

Daga bakin rafin Assi har inda rafin Waruna ke shiga kogin Ganga, duk faɗin birnin Banaras, ba a taɓa haihuwar mutum mai kwanciyar rai kamar Ratneshwar Caube ba. Wannan ba zancen ji-ta-ji-ta ba ne. Daga bakin mai abin aka samo shi, kuma yakan maimaita kullum da safe a rumfar mai shayi don kada wani ya manta. Wanda ya nuna shakka kuwa, Caube-ji, kamar yadda ake kiran sa don girmamawa, yakan tsaya a kansa, jijiyar wuya a miƙe, yana buga sanda a ƙasa, har sai mutumin ya amince cewa lalle bai taɓa ganin natsuwa irin wannan ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, tun zamanin da taragu ke da daraja hawa uku. Aikinsa ke nan: ya dubi mutum, ya dubi takardarsa, ya nuna masa inda ya dace da shi. Da ya yi ritaya sai duniya ta cakuɗe masa. Mutane na yawo a layi babu tikiti, kowa na zama inda ya ga dama, babu wanda za a ce wa ya sauka a tasha ta gaba. Ya rame, ya daina cin abinci sosai. Matarsa Bindeshwari ta yi ta dafa masa saiwoyi a banza.

Karatu ne ya warkar da shi. Wata rana da yamma ya zauna a farfajiyar gidan ibadar layinmu, inda Fandit Tiwari, tsohon malamin da ke kula da wurin, yake bayani a kan ɗabi'u ukun da aka saƙa dukan halitta da su. Akwai sattwa, wato haske da tsarki da natsuwa. Akwai rajas, zafi da kwaɗayi da rashin zama wuri ɗaya. Sai tamas, duhu da nauyin jiki da kasala. Caube-ji ya ji kamar an yaye masa labule. Hawa uku! Ashe abin da magabata suka shafe shekaru suna tunani a cikin dazuzzuka, shi ya daɗe yana aiwatar da shi da ɗan ƙarfen huda tikiti a hannu. Fandit ya ci gaba da cewa ukun nan a tufke suke kamar igiya, babu mai rai da ya kuɓuta daga ko ɗaya cikinsu. Amma kafin ya kai nan Caube-ji ya riga ya tashi, ya tafi kama aiki.

Da madafa ya fara. Albasa da tafarnuwa suka bar gidan a ranar. Barkono ya bi bayansu, don shi rajas ne tsantsa. Abincin da ya kwana tamas ne, saboda haka Bindeshwari za ta riƙa hura wuta sau uku a rana, ita kuma ta ci wanda ya kwanan, tunda zubar da abinci zunubi ne. Daga nan ya fito waje. Saniya sattwa, biri rajas, ɓauna tamas. Masu kwale-kwale da masu keken haya duk ya loda su a tarago na biyu. Jingur wanzami ma can aka kai shi, saboda hannunsa da bakinsa ba sa hutawa.

Matarsa ba ta tsira ba. "Ke rajas ce, Bindeshwari," in ji shi cikin tausayi. "Dubi tafiyarki, kamar ana korar ki. Ina za ki da wannan gaggawa?" A lokacin ruwan wankansa take ɗauke da shi, wanda ya kira sau uku yana tambaya.

Wanda ya fi shan hukunci shi ne Nandlal Sahu, mai alawar madara a bakin layi, wani ƙaton mutum mai tumbi da yakan kwanta a benci bayan azahar, ya rufe fuska da tawul. "Ga tamas an yi masa ƙafafu," in ji Caube-ji duk lokacin da ya wuce. Sai dai an samu 'yar matsala, don ba ya iya wuni bai ci alawar Nandlal ba. Bayan nazari mai zurfi ya yanke cewa madara sattwa ce, kuma darajar kaya daban take da ta wanda ya ɗauko su. Duk da haka ba ya zuwa shagon da kansa. Bindeshwari yake aika, tunda ita dama mai sauri ce.

A tarago na farko kuwa, bayan dogon bincike cikin adalci, fasinja ɗaya tak ya samu. Bai so ya faɗi sunansa ba, gaskiya ce ta tilasta shi. "Zuciyata tafki ce da iska ba ta taɓawa," haka ya sanar wa rumfar mai shayi. Tun daga ranar layi ya raɗa masa suna Tafki. In an hango shi tafe da sanda, sai ka ji wani ya ce a hankali, "Ku gyara, Tafki na tafasa."

Ana haka sai shugaban kwamitin gidan ibada ya rasu, aka sa ranar zaɓen wani. Kujerar ba ƙarama ba ce. Mai ita ne ke riƙe makullai, shi ke gaba in an fita jerin gwano zuwa kogi, kuma shi ke buɗe kowane taro da jawabi, babu mai ikon ce masa ya isa. Wannan na ƙarshen ne ya hana Caube-ji sakat.

"Ni ba na son kujera," ya gaya wa masu shan shayi. "So ai rajas ne. Wanda ya kai inda na kai ba ya neman komai, abubuwa ne ke neman sa. Amma ku duba da idon basira, 'yan uwa. Gidan ibada gidan haske ne. Wa za ku damƙa wa makullansa? Mai minshari a benci? Ko mai aska da surutu? Ni dai na yi shiru. Ba zan ce komai ba."

Jingur ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin ƙasar a gefe. "Caube-ji, gara da ka ambaci shiru. Jiya Fandit ya ce babbar alamar mai sattwa ita ce ƙarancin magana. Ni ka san kaina na tamas ne, ban gane ba. Ko za ka ɗan warware mana?"

Caube-ji ya warware. Ya kawo misalai, ya kawo labarin wani fasinja da ya taɓa saukewa a tashar Mughalsarai, ya dawo kan falalar kame baki, ya raba ta gida bakwai. Shayi ya huce, rana ta take. Sai da ya kama hanyar gida, ya ji dariya ta fashe a bayansa, sannan ya fahimci an yi masa wani abu.

Washegari ya tara jama'a a matakalar kogi. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗebi ruwan Ganga a tafin hannu, ya ɗauki alwashi a gaban shaidu cewa kwana arba'in harshensa ba zai furta ko kalma ɗaya ba. Kowa ya san nauyin alwashin da aka ɗauka da ruwan nan a hannu. Wanda ya karya shi ba ya sake ɗaga kai a unguwa. Jawabin sanarwar ya kai har kusan azahar, sannan ya zuba ruwan a ka, ya rufe baki. Wata tsohuwa da ke wanki a gefe ta ɗago kai ta dubi sama, tana zaton an kashe wani inji ne.

Ba a ce mai shiru kada ya yi rubutu ba. Caube-ji ya sayi allo da alli da 'yar ƙararrawa ta tagulla. Abu ɗaya ne bai lissafa da shi ba. Hannunsa ya koyi rubutu ne a cikin jirgi mai gudu, kuma bai taɓa sauka ba. Rabin layi ba su yi makaranta ba, waɗanda suka yi kuma in sun dubi allon sai su ga kamar kaza ta bi ta kan gari. Mutum ɗaya ce a duniya ke iya karanta shi. Don haka duk inda ya sa ƙafa, Bindeshwari na biye da shi da tabarau a hanci.

Ramkali mai madara ce ta fara shiga hannu. Caube-ji ya leƙa tulunta, ya kaɗa ƙararrawa, ya rubuta da ƙarfi har allin na ƙara: Ɓarauniya, rabin madarar nan ruwan famfo ne. Ya miƙa wa matarsa.

Bindeshwari ta gyara tabarau, ta daɗe tana dubawa. "Ya ce Ubangiji ya yi wa ɓaunayenki albarka, ya ƙara musu nono."

Ramkali ta saki baki. Shekara goma tana kawo madara gidan nan, ba ta taɓa tafiya ba tare da zagi ba. Caube-ji ya girgiza ƙararrawa kamar zai tsinke ta.

"Ya ce har da 'ya'yanki," in ji Bindeshwari.

Matar ta durƙusa ta taɓa ƙafafunsa, idonta da ƙwalla. Washegari madarar da ta kawo sai da aka sa cokali.

Da suka shiga ɗaki ya cika allo fal: Ba abin da na rubuta ke nan ba! Bindeshwari ta karanta a natse, ta goge masa allon da gefen mayafinta, ta kira shi da sunan 'yarsu. "Baban Munni, idona ne ya tsufa. In na yi kuskure ai sai ka faɗa mini."

Haka aka ci gaba. Ya samu Nandlal kwance a benci, ya rubuta: Tashi, tulin kasala, ka tare wa mutane hanya. Aka karanta wa Nandlal cewa barcinsa barcin mai tsarkin zuciya ne, wanda bai riƙe kowa a rai ba. Nandlal ya goge ido da tawul, da yamma ya aiko da faranti cike da alawa. Jingur ya samu labarin cewa hannunsa mai albarka ne, alhali abin da ke kan allon ya shafi kakanninsa. Wasu maƙwabta biyu da suka shekara uku ba sa ga maciji a kan magudanar ruwa suka kawo ƙara. Caube-ji ya cika allo gaba da baya, ya bayyana cewa ɗaya jaki ne, ɗayan kuma jakin ya fi shi. Bindeshwari ta ce, "Ya ce ruwan da ke raba ku shi ne ya haɗa gidajenku. Kowa ya share rabi." Suka rungumi juna a nan take.

Kafin mako uku labari ya ƙetare layi. Mata na kawo jarirai ya shafa musu kai. Masu kwale-kwale na tsayawa su gaishe shi kafin su sauka kogi. In fuskarsa ta yi ja saboda maganar da ta taru a maƙogwaro, sai a ce haske ne ke fitowa. Sunan Tafki bai canja ba, amma yanzu in an faɗe shi ana haɗa tafin hannu. Shi kuwa ya fara jin daɗin abin. Yana lura da wanda ya taɓa ƙafa ɗaya da wanda ya taɓa biyu. Har ya soma tunanin cewa wataƙila abin da Bindeshwari ke karantawa shi ne ainihin nufinsa, allin ne ke kuskure.

Ranar zaɓe ta faɗo a kwana na talatin da uku. Farfajiya ta cika har bakin ƙofa. A layinmu akwai yadda ake karɓar girma, kuma ko yaro ya sani: in an miƙa maka, ka ƙi sau ɗaya, a roƙe ka, ka ƙi na biyu, a matsa, sannan ka karɓa a na uku kamar an ɗora maka dutse. Caube-ji ya kwana biyu yana tsara amsoshinsa uku. Ya sa farar riga sabuwa, ya zauna a gaba, allo a cinya, ido a lumshe yadda ya dace.

Fandit Tiwari ya miƙe da ƙyar. "Jama'a, ba sai mun wahalar da kanmu ba. Da can ina cikin masu cewa mutumin nan ya ji rabin karatu ya gudu da shi. Na janye. Wata guda ke nan ba mu ji komai daga gare shi ba sai alheri. Caube-ji, kujerar nan taka ce."

Aka yi guɗa. Caube-ji ya buɗe ido a hankali, ya ɗauki alli, ya rubuta ƙin farko. Ya ƙawata shi sosai, don ya san za a riƙa ambaton sa. Ya miƙa wa matarsa.

Bindeshwari ta miƙe, ta karanta da murya mai fita: "Ni ƙura ce a ƙarƙashin ƙafafunku. Wanda ya ɗanɗani shiru, me zai yi da makulli? Kujera ƙaya ce ga mai neman haske. Ku bar ni a inda nake, na roƙe ku da girman Ganga."

A kwana talatin da uku, wannan ne karo na farko da ta karanta abin da ya rubuta daidai, ba ragi ba ƙari.

Caube-ji ya sunkuyar da kai yana jiran roƙo, ya riga ya fara goge allo don amsa ta biyu. Sai ya ji sheshsheƙa. Fandit ne ke kuka.

"Shekara hamsin ina ganin ana ƙin kujera a wurin nan," in ji tsohon, "yau ne na ga wanda ya ƙi da gaske."

Wani daga baya ya ce, "Fandit-ji, ai sai a sake roƙon sa, kamar yadda aka saba."

"Kul! Wancan na irinmu ne, masu ƙi da baki muna so da zuciya. Ba ka ji da abin da ya haɗa mu ba? Wa zai ɗauki alhakin jawo mutum irin wannan cikin rigimar makulli da tsintsiya? Ni dai ba da ni ba."

Caube-ji ya fizgi allo. Ya tsallake amsa ta biyu, ya tsallake ta uku, ya rubuta kalma biyu manya-manya: Na karɓa! Ya miƙe tsaye, ya ɗaga allon sama yana juyawa da shi dama da hagu, ƙararrawa na ta kuka a ɗaya hannun. Jama'a suka dubi allon cikin girmamawa, wasu suka haɗa hannu.

"Uwar Munni, me ya ce kuma?" in ji Jingur.

Bindeshwari ta cire tabarau, ta hura, ta goge, ta mayar. "Ya ce kada ku ɓata lokaci a kansa. Ku zaɓi wani."

A nan ne maganar ta taso masa tun daga ciki. Ta hau ƙirji, ta cika maƙogwaro, ta zo bayan haƙora. Bakinsa ya buɗe. Ya dubi farfajiya, ya ga idanu ɗaruruwa a kansa, duk jiƙe da hawaye. Kalma ɗaya za ta iya ba shi kujera. Kalmar nan kuma za ta karya alwashi saura kwana bakwai, ta tona cewa ƙurar ƙarƙashin ƙafa tana son makulli, ta kori masu taɓa ƙafa har abada. Ya tsaya a haka, baki buɗe, fuska kamar garwashi. Wata mata ta ce, "Ku dubi hasken!" Ya rufe bakin. Ya zauna.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Mai share farfajiya ya faɗi cewa shekara da shekaru Nandlal ne ke ciyar da baƙin da suka zo wanka kogi ba su da masauki, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, mai yiwuwa don faɗar ma aiki ce. Aka nemi Nandlal, aka same shi jingine da ginshiƙi yana gyangyaɗi. Aka tashe shi, aka ce an ba shi kujera. Mutumin da bai san ladabi ba, ko ƙin farko bai yi ba. Ya ce, "To."

Caube-ji ya koma gida ya yi wa kansa alkawari. Kwana bakwai ne. Zai cika su, ranar da ya buɗe baki kuwa layin nan zai ji abin da bai taɓa ji ba. Ya sayi littafin rubutu, ya tsara jawabi shafi arba'in: babi a kan Nandlal, babi a kan Jingur, babi biyu a kan matan da ke karanta abin da ba a rubuta ba.

Safiyar da wa'adi ya cika ya ji kiɗa a ƙofar gida. Ya fito ya tarar da layi gaba ɗaya, Nandlal a gaba riƙe da sarƙar furanni. Aka rataya masa a wuya, aka sa shi a tsakiya, aka nufi gidan ibada. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ashe sun gane kuskurensu. Ya yanke shawarar zai rage babi ɗaya, don mai sattwa ba ya riƙo.

A jikin bangon farfajiya, sama da inda ake rubuta sunayen waɗanda suka yi wa wurin hidima, an rataya jan ƙyalle. Fandit ya ja shi. Farin dutsen marmara ne, an sassaƙa rubutu an cika shi da ruwan zinariya, kuma rubutun mai kyau ne, kowa na iya karantawa:

Ratneshwar Caube, mai shiru, wanda ya ƙi kujera, ya kuma ɗauki alwashin kame baki shekara goma sha biyu domin zaman lafiyar wannan layi.

Nandlal ne ya sa aka yi dutsen. Da mai sassaƙa ya nemi sanin tsawon alwashin, aka tura shi wurin wadda ta san abin da Caube-ji ke nufi.

Caube-ji ya karanta sau biyu. Ya matse littafin jawabinsa a hammata, ya ja numfashi, ya buɗe baki. Sai idonsa ya sake faɗawa kan layin farko. Kowane harafi na sunansa ya kai tafin hannu. Yana sama da sunan marigayi shugaba, sama da na attajirin da ya gina ƙofa, sama da na kowa. Ranar safe na dukan zinariyar tana walƙiya. Mutane sun riga sun ja layi za su taɓa ƙafarsa.

Bana aka cika shekara huɗu. Saura takwas.